Shekarar da Na Ƙona Babur ɗin Kakanku

Ku duka biyar kun tashi kun tarar ana kirana Haruna Hayaƙi, kuma na san babu wanda bai taɓa dambe a kan sunan nan ba a cikinku. Fati ma, da take mace, ta taɓa fasa wa wata yarinya leɓe a bakin famfo. Labarin da kuka ji shi ne wanda duk unguwar Nima ta sani: wai kakanku na wajen uwa ya kawo mini babur ɗinsa in gyara masa fitila, ni kuma mai aikin wayar wutar mota da ke cika baki na haɗa ba daidai ba, babur ya tashi da hayaƙi, ya mutu murus. Ban taɓa ƙaryata labarin ba, domin ni na ƙirƙire shi. Yanzu Baba, kakan naku, ya daɗe a ƙasa, matarsa Mma ta bi shi, mahaifiyarku ma ta riga ni, ni kuma hannuna ya fara rawa in na riƙe filaya. Babu sauran wanda gaskiya za ta kunyata, shi ya sa na zauna in rubuta muku ita.

Baba mutumin ƙasar Ƙwanni ne, ya zo Accra tun yana saurayi, ya zama dillalin albasa a kasuwar Agbogbloshie. Aikin dillali a wancan lokaci aikin sammako ne. Manyan motoci sukan iso daga arewa kafin gari ya waye, kuma direban da ya kwana uku a hanya ba ya jiran kowa. Wanda ya tarar a tsaye shi zai miƙa wa kaya. Saboda haka da an sallame sallar asuba a masallacin unguwarsu a Maamobi, Baba zai hau ɗan jan babur ɗinsa ya bi ta Nima ya gangara kasuwa, gari da sauran duhu. Yana da direbobinsa da ba sa sauke buhu sai sun ga hularsa. Abin da yake taƙama da shi ke nan a duniya, ba gida ba, ba tufafi ba. Mutum ne mai kirki ƙwarai, amma in ya kafe a kan magana, gara ka je ka lallashi turmi.

Ni kuwa suruki ne. Ku 'yan yanzu da kuke zama kujera ɗaya da iyayen matanku kuna kallon ƙwallo ba za ku gane wannan ba. Tun da na auri mahaifiyarku ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in ya tsaya a bakin shagona sai in tuɓe takalmi in durƙusa, idona a kan tayar babur. Shagon nawa na katako ne, kusa da babbar kwata, kuma a lokacin sunana yana tashe. Direbobin turoturo, wato ƙananan motocin haya, daga Kotobabi har Alajo, in wuta ta rikice musu, wurina suke zuwa. Ina jin kaina sosai, ba zan ɓoye muku ba.

A shekarar da komai ya yi wuya a Gana, wadda har sabulu sai an bi layi, Baba ya tsaya wata rana bayan azahar ya ce:

"Haruna, fitilag ga ta yi rauni. Dibi mini ita."

Na duba, ban ga komai ba, amma na canza ƙwan don kada a ce ban yi aiki ba. Bayan mako biyu ya dawo, wai ta ƙara rauni. Na wanke gilashi, na goge kan batir, na gwada a jikin bango, haske fes. A zuwa na uku sai ya ciro wasu fitilu biyu daga buhu, zagayayyu, irin waɗanda direbobinsa ke ɗaurawa a goshin mota, ya ce in liƙa masa su.

Aikin ƙarin fitila ba shi da wuya, amma yana da ladabi, kuma ina so ku san shi ko da ba wanda ya gaji filaya a cikinku. Fitilar babur tana da haske biyu: na nesa, wanda muke ce wa ful, da na kusa, wato dim, wanda kake komawa in wani yana tahowa don kada ka kashe masa ido. Ragon ma'aikaci yakan fere wayar ful ya murɗa sababbin fitilu a kanta, shi ke nan. Siririyar wayar nan ba a yi ta don ɗaukar kayan fitila uku ba, za ta yi zafi, ta narke, wata rana ta cinye makunnin da ke hannunka. Yadda maigidana ya koya mini, sai ka jawo waya mai kauri daga batir, ka sa mata fiyus tun kusa da batir ɗin, ka kai ta wani ɗan akwati kamar na ashana da ake kira rile, daga nan ta wuce fitilu. Wayar ful kuwa ba ta ɗaukar kaya, 'yar aike ce kawai: in ka kunna ful sai ta taɓa rile ya buɗe hanya, in ka koma dim sai ya rufe, fitilun ƙari su mutu tare. Sannan ka sunkuyar da kansu ƙasa kaɗan, su kalli hanya, ba fuskar mutane ba. Haka na yi wa Baba, na naɗe kowace mahaɗa da baƙin salatif, na bi da wayar ta ƙarƙashin tanki inda ba za ta goga ba. Na yi kwana uku ina yabon kaina a kan aikin nan.

Bayan kwana huɗu ya dawo, fuska a murtuke. Na ji hakan ne a muryarsa, tunda ba na kallon fuskar.

"In na yi dim sai su mace. Mi amfaninsu ke nan? Ka raba su, ka yi musu makunni nasu, su kwan kunne."

Na ce, "Baba, ai saboda mai tahowa ne. In suka zauna a kunne, ba zai ga gabansa ba."

"Mai tahowa yana da nashi idanu."

Na ce to, sai na samo waya, don in sami lokacin tunani. Da na miƙa masa makulli, sai na ga hannunsa ya wuce gefe, ya damƙi iska, sannan ya lalubo nawa. Ranar ce na fara ɗaga kai na kalli surukina sosai. Wani farin abu ya kwanta a kan ƙwayar idonsa, duka biyun, kamar ruwan shinkafa. Wata uku ina ta canza ƙwai ina goge gilashi, ashe ba fitila ce ta yi rauni ba. Kunya ce ta sa na zama na ƙarshe da ya sani a cikin dangi.

Baba bai jira wayata ba. Ya samo robar tsohon tub ya ɗaure makunnin a kan ful, ya riƙa ratsa Nima da asuba da fitila uku a buɗe. Ba a yi kwana goma ba sai ga Mma Adiza mai koko a bakin shagona, hannunta na dama naɗe da tsumma har gwiwa. Ita ce take fita da tukunyar koko a ka tun da duhu, ta kafa tebur a bakin titi. Ta jira har mutane suka ragu, sannan ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Masta, kai ne ya sa ma tsoho wannan wuta?"

Na ce ni ne.

"Wuta ya shiga idona, ban ga kwata ba, na faɗi, koko ya zube a hannuna. Wannan ba komai, Allah ya kawo. Amma Masta, shi bai gan ni ba. Wuta nan duka, ina gabansa, bai gan ni ba. Ya wuce kaman iska."

Ta gyara tsummanta ta ce:

"Ban faɗa ma kowa ba. Lokacin da maigidana ya mutu, tsoho nan ne ya tsaya mana. Amma yau koko ne, gobe yaron wani ne."

Ta tafi ta bar ni da sukundireba a hannu. Ni na ɗaura fitilun nan, da hannuna, ina alfahari.

Da la'asar na aika aka kira Mma, kakarku, da kawunku Iliyasu, muka zauna a ɗakinmu da mahaifiyarku. Ashe duk sun sani. Iliyasu ya taɓa cewa, "Baba, ko a je asibiti a duba idon nan?" sai Baba ya yi wata guda bai amsa gaisuwarsa ba. Mma 'yar arewacin Gana ce, Hausarta ta Zango, amma ba ta kwana-kwana.

"Idan kasuwa ya ji idonsa ya tafi, direba duka zai gudu. Wa zai ba makaho albasa? Mutum nan, ka hana shi kasuwa, ka haƙa masa kabari."

Iliyasu ya ce, "Cale," haka samarin Accra suke kiran aboki, "ka cire fiyus kawai, ka ce ya lalace."

Na ce Baba ya fara hawan babur tun ba a haife mu ba, ya san fiyus kamar yadda ya san goro.

Mahaifiyarku tana ta kuka a hankali, Fati a cinyarta tana barci. Can ta ɗago ta ce:

"Masta, kai ne mai waya. Ka yi wani abu."

Magana ke nan mai sauƙin faɗa. Na juya ta ta kowace fuska. In na gaya masa gaskiya, na tsinka shi, kuma ba zai ji ba, sai dai ya kai babur wurin wani ya raba masa fitilun. In na yi shiru, wata asuba za a ɗauko shi ko a ɗauko wani. Dole babur ya mutu, mutuwar da ba za a yi ta tambaya a kanta ba, kuma dole a sami mai laifi, domin in da wanda za a zaga, ba a tona sauran zance. Sannan dole Baba ya ci gaba da isa kasuwa kafin direbobinsa. Da na jera waɗannan uku, sai na ga mutum ɗaya ne kawai zai iya ɗaukar su. Ban ji daɗin ganin ko wane ne ba.

Ranar Asabar na aika wa Baba cewa waya ta samu. Na zaɓi hantsi, lokacin da 'yan dara suke cika bencin da ke gefen shagona, don ina bukatar shaidu masu dogon baki. Aka ba Baba kujera a inuwa. Na ɗaga tanki, na zare wata siririyar waya da ke kai wuta ga kwayil, abin da ke ba fulogi tartsatsi, na tura ta can ciki inda ido ba ya kai. Daga nan na ɗauko wani guntun tsohuwar waya da na tanada, na ɗora a kan batir baki da baki. Nan take robar ta narke, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, wari ya cika layi. Na yi tsalle baya ina salati da ƙarfi, har da ɗora hannu a ka. 'Yan dara suka watsar da dara suka taso. Na buga kik sau goma, babur ko tari bai yi ba. Na je gaban Baba na durƙusa, kuma rawar da muryata take yi ba ta ƙarya ba ce.

"Baba, na yi kuskure. Na haɗa waya a baibai, kwayil ya ƙone."

Kowa ya san a shekarar nan ko allurar keken ɗinki ba ta samuwa a kanti, balle kwayil. Baba ya ja carbinsa. Sannan ya ce:

"Ƙaddara ta riga fata. Tashi."

Sai wani daga bayan taro, har yau ban san ko wane ne ba, ya ce, "Kai, Haruna Hayaƙi!" Aka fashe da dariya. Kafin magariba sunan ya isa Kotobabi.

Ban san suna yana da nauyi haka ba sai da na rasa shi. Mutumin da ya ƙona babur ɗin surukinsa, wa zai ba shi motar da yake ci da iyali? Direbobin turoturo suka koma Alajo wurin wani Masta Kofi, wanda a da nake yi wa kallon ɗan koyo. Na koma gyaran tocila da dutsen guga da rediyon tsofaffi. Mahaifiyarku ta fara soya doya a ƙofar gida. Fati, shekarar da kika zauna ba makaranta, kina tambaya ana ce miki sai baɗi, wannan ne dalili, kuma ina neman gafararki a rubuce tunda ban iya nema da baki ba. Akwai ranakun da na zauna a shago daga safe har yamma ba wanda ya tsaya sai masu tsokana, na ji kamar in hau benci in faɗi gaskiya kowa ya huta. Mahaifiyarku kuwa, tun daren farko ta dube ni ta ce:

"Hannunka bai taɓa kuskuren waya ba."

Na ce, "Yau ya yi."

Ba ta sake tambaya ba har ta bar duniya. Sai dai daga ranar, duk tsananin da ake ciki, in nama ɗaya ne a miya, a kwanona nake samunsa.

Washegarin hayaƙin, kafin a fito sallar asuba, ina ƙofar masallacinsu a Maamobi da nawa tsohon babur. Da Baba ya fito na durƙusa na ce:

"Baba, ni na kashe maka abin hawa. In ba ka bar ni na riƙa kai ka ba, ba zan iya haɗa ido da mutane ba."

Da na ce ina tausayinsa ne, da ya gwammace ya tafi da ƙafa. Amma wannan biyan laifi ne, kuma dattijo ba ya hana yaro wanke laifinsa. Ya tattara babbar rigarsa ya hau baya. Shekara bakwai muna haka, damina da rani. Ina sauke shi daidai bakin rumfarsa, inda ya san kowane dutse da ƙafarsa. Albasa kuwa ashe ba ta bukatar ido: ya cusa hannu cikin buhu, ya matsa, ya shinshina, ya faɗi garin da aka nomo ta da kwanan da ta yi a hanya, direba ya yi ta mamaki. A hanya ba ma hira, suruki ne. Sai dai in ya ji ƙarar mota tana tahowa, ya ɗan taɓa kafaɗata ya ce, "Rage musu." Ni kuma in koma dim ina murmushi a cikin duhu. A shekara ta biyu direbobin albasa suka fara kawo mini motocinsu ɗaya bayan ɗaya, har shago ya farfaɗo. Na ɗauka sa'a ce ta dawo.

Bayan sadakar bakwai ɗin Baba, Mma ta kira ni ta nuna jan babur ɗin, yana jingine a bayan ɗaki an rufe shi da buhunan albasa.

"Ya ce a ba ka. Ya ce kai ne ya san ciwonsa."

Na turo shi har shago, na rufe ƙofa, na ɗaga tanki don in mayar da 'yar wayar da na zare shekara bakwai da suka wuce. Sai na tarar da ita a mazauninta. An mayar, an ɗaure, an naɗe da shuɗin salatif. Ni ban taɓa amfani da shuɗi ba. A duk yankinmu mutum ɗaya ne yake naɗi da shuɗi, yana karya bakinsa kamar kunnen ɓera. Ban ko kulle shago ba na nufi Alajo.

Masta Kofi yana ganina ya ajiye abin da ke hannunsa, ya jawo mini benci. Hausarsa ta kasuwa ce, amma na gane kowace kalma.

"Tsoho ya mutu, ko? To yanzu zan iya magana. Sati ɗaya bayan hayaƙi naka, ya sa an turo babur nan a kura. Minti biyar na ga waya. Na sa, na buga, ya tashi. Na ce, Baba, ba abin da ya ƙone, wani ya cire ne."

Na ce, "Sai ya ce me?"

"Ya hau, ya ce in rufe ƙofan shago, in kunna wuta duka uku, in je can bango in tsaya. Na je na tsaya. Wuta ya cika idona, har ina rufe fuska. Shi yana kallo, yana kallo. Sai ya ce, 'Kofi, ka tahi can ɗin, ko ba ka tahi ba tukuna?'"

Kofi ya ci gaba:

"Na ce, Baba, ina nan gabanka. Ya daɗe a zaune. Sai ya kashe da kansa, ya sauka. Ya sa na rantse ba zan faɗa ma kowa ba sai bayan ransa."

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin da ya fara zo mini fushi ne. Shekara bakwai yana zaune a bayana, yana jin yara suna bin mu da "Hayaƙi, Hayaƙi," ya san komai, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke ni. Na faɗa wa Kofi haka, muryata tana sama. Ya girgiza kai.

"Ni ma na tambaye shi. Na ce, yaro nan sunansa ya ɓaci, ni nake cin kasuwansa. Ya ce, 'Yaron ga ya ƙona sunanshi don ya ruhe nawa. In na tona, na watsa mishi aikinshi a ƙasa, kuma ba ya ƙara iya ɗaukata da sahe, kunya ba ta barin shi. Bari in karɓa yadda ya ba ni.' Kuma direban albasa da suke zuwa wurinka, kana tsammani daga sama suka faɗo? Wanda bai kai maka mota ba, tsoho ba ya taɓa buhunsa."

A bencin Kofi na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Ina ta ganin kaina ni ne mai rufa asiri, ashe mu biyu ne a kan babur ɗaya, kowa yana riƙe da na ɗan'uwansa, ba wanda ya ce uffan daga Maamobi har Agbogbloshie.

Babur ɗin shi ne wanda ke bayan ɗakina, wanda kuke ta cewa in sayar wa masu gwangwan. Kada ku sayar, kuma kada wanda ya kwance shuɗin salatif ɗin nan. In kuma wani ya sake kiranku 'ya'yan Hayaƙi, ku daina dambe. Ku amsa.